Murhun gas na ɗumama gida yana kamawa ya mutu nan take: sandar gane wuta ce ko wani abu daban?

Uwar Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kan murhun gas da ke ɗumama mana gida. Idan na ɗaga tamostat, wato abin saita zafin gida, sai in ji ƙaramar fanka ta tashi, in na leƙa ta ɗan gilashin murfin sai in ga wani abu ya yi jawur, sannan wuta ta kama shuɗiya tas. Ba ta kai daƙiƙa goma sai ta mutu. Ya sake gwadawa, ya sake mutuwa, daga ƙarshe ya yi shiru gaba ɗaya, sai wata 'yar fitila da ke ta ƙiftawa a ciki. An ce mini wai sensa ce. Wace ce sensar, kuma abin da zan iya taɓawa ne da kaina, ko sai na kira mai gyara?

Saurin Hannu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sensa ce, ba tantama. Ki kashe wuta, ki kwance ta, ki goge da samfefa, ki mayar. Aikin minti biyar ne.

Baban Gas:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kin yi bayani yadda ya kamata, domin jerin abin da kika gani shi ne rabin binciken. Ga yadda murhun yake tashi. Tamostat ya nemi zafi, ƙaramar fankar da ke jan hayaƙi ta fara, wani makunni mai jin matsin iska ya tabbatar bututun hayaƙi a buɗe yake, sannan abin kunna wuta ya yi ja, bawul ɗin gas ya buɗe, wuta ta kama. Daga nan fanel ɗin da ke sarrafa murhun yana ba da 'yan daƙiƙoƙi kawai, a yawancinsu tsakanin 4 zuwa 7, ya ji shaidar cewa lallai akwai wuta. In bai ji ba sai ya rufe gas. Yawanci yakan gwada sau uku, sannan ya kulle kansa, wasu na awa ɗaya kafin su sake gwadawa.

To naki ya wuce duk matakan farko lafiya, a wajen shaidar ya tsaya. Mai ba da shaidar ita ce sandar gane wuta. Siririn ƙarfe ne, sau da yawa a lanƙwashe, gindinsa cikin farin tangaran, da waya guda ɗaya tak, a ɗaure da sukuru ɗaya a gaban na ƙarshe cikin jerin bakunan wuta da gas ke fita ta cikinsu ya ƙone, wato can ɗaya gefen daga inda abin kunnawa yake. Da gangan aka nisanta su, don a tabbatar wutar ta ratsa dukkan bakunan har zuwa na ƙarshe.

Kafin ki taɓa komai, ki ƙirga sau nawa fitilar take ƙiftawa kafin ta ɗan dakata, ki duba takardar da ke manne a bayan murfin. Kowane kamfani da ma'anar ƙiftawarsa, kuma da zarar kin kashe lantarkin murhun, wasu fanel ɗin sukan manta da saƙon.

Uwar Yara:
Na gode Baba. Na duba takardar, ta ce an kasa gane wuta bayan an buɗe gas. Amma na ga abubuwa biyu a gaban bakunan. Ɗaya mai waya biyu, ɗaya mai waya ɗaya.

Baban Gas:
Mai waya biyu shi ne abin kunna wuta, kar ki kusance shi. Irin na silikon kabaid yana da saurin karyewa ƙwarai, ɗan bugu kaɗan ya ishe shi, kuma ba a goge shi. Mai waya ɗaya ita ce taki.

Ki kashe makunnin lantarkin murhun ko birekarsa, ki rufe bawul ɗin gas na hannu da ke kan bututu, ki bar ƙarfen ya huce. Kan sukurun yawanci mai kusurwa shida ne, na kwata ɗin inci. Ki zaro sandar a hankali, ki riƙe ta ta wajen ƙarfen da ake ɗaurewa, ki goge tsawon sandar da soson ƙarfe mai laushi ko irin soson Scotch-Brite har ta ɗan yi haske, ki share da busasshen ƙyalle mai tsabta. Kar ki lanƙwasa ta, kar ki matsa wa tangaran. Ki mayar yadda take, ki tabbatar wayar ta zauna daram, ki rufe murfin sosai domin akwai makunnin da murfin ke dannawa, in bai danna ba murhun ba zai tashi ba. In kuma a kowane lokaci kika ji warin gas, ki bar komai, kada ki kunna ko ki kashe wani makunni, ki fitar da yara waje, ki kira masu gas daga can.

Mai Waya:
Na goyi bayan Baba, amma ina da ja da maganar Saurin Hannu. Samfefa ba ta dace da wannan sandar ba. Burbushin da take bari ba ya wuce lantarki, kuma irin mai yashi tana barin silika, wadda in wuta ta gasa ta sai ta zama wani siririn rufi mai kama da gilashi. Ka ga ka cire datti ɗaya ka shafa wani.

Saurin Hannu:
Malam Mai Waya, wannan maganar takarda ce. Na daɗe ina gogewa da samfefa mai laushi, ban taɓa ganin wanda ya dawo saboda ita ba. Masu gyara da yawa haka suke yi. Mutum yana cikin sanyi da yara, abin da ke hannunsa da shi zai yi aiki.

Mai Waya:
Ba ka ga sun dawo ba, ko ba ka auna ba? Tambaya ce ta gaskiya nake yi. Sandar da aka kankare da samfefa tana iya aiki yau, amma ka bar mata zane-zane masu zurfi, kuma a cikinsu datti ke saurin maƙalewa. Wadda da za ta yi shekara biyu sai ta dawo tana neman guga kowane lokacin sanyi.

Baban Gas:
Ku biyun kowa na da tasa gaskiyar. In dare ne ba abin da ke gida sai samfefa mafi laushi, a shafa sama-sama, a share sosai da ƙyalle, murhu zai tashi, ba wanda zai ce an yi laifi. Amma in akwai zaɓi, soso ya fi. Abin da ba na so shi ne mai kaushi, da kuma masu kankarewa da wuƙa ko fayil. Dattin nan siriri ne ƙwarai, wani lokaci ido ma ba ya ganinsa. Ba ya buƙatar ƙarfi.

Ɗan Koyo:
Oga, ni abin da ya ɗaure mini kai, ta yaya ƙarfe zalla mai waya ɗaya yake sanin akwai wuta? Na ɗauka zafi yake ji kamar tamokoful na tsofaffin murhu.

Malamar Kimiyya:
Ɗan Koyo, ba zafi take ji ba, kuma wannan bambancin shi ne zai sa ka fahimci duk matsalolinta. Tamokoful ƙarfe biyu ne mabambanta a haɗe, in zafin ƙaramar wutar da ke ci kullum ya taɓa su sai su haifar da lantarki da kansu, kusan milibolt 30, wanda ke riƙe bawul a buɗe. Ita sandar ba ta haifar da komai. Fanel ne yake tura mata lantarki mai kai da komowa. Harshen wuta kuma yana ɗauke da ƙwayoyi masu caji, don haka yana wuce lantarki, ko da yake kaɗan ne. Sai lantarkin ya bi ta sandar, ya ratsa cikin harshen wutar, ya sauka a kan ƙarfen bakin wuta, ya bi jikin murhun ya koma fanel.

Ga inda hikimar take. Faɗin ƙarfen bakin wuta ya ninka na sandar sau da yawa, saboda haka lantarkin ya fi wucewa ta gefe ɗaya fiye da ɗayan. Abin da fanel yake gani a ƙarshe shi ne ɗan lantarki mai tafiya gefe guda, kuma wannan ne kaɗai yake karɓa a matsayin shaida. Yawansa ƙanƙani ne ainun, ana auna shi da maikro-amfiya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya. Murhu mai lafiya yakan ba da wani abu tsakanin 1 zuwa 6, ya danganta da fanel, kuma da yawansu suna rufe gas in ya sauka zuwa wajen rabin maikro-amfiya. Shi ya sa ɗan rufin da ido ba ya gani yake iya tsayar da murhu guda.

Ɗan Koyo:
Ashe ita sandar ɓangare ɗaya ce kawai na hanyar. Na gode Malama.

Baban Gas:
Ka riƙe wannan da kyau, ɗana. Hanyar tana da sanda, da waya, da wutar kanta, da bakin wuta, da jikin murhu, da wayar ƙasa, da fanel. Duk inda ta yanke, alamar iri ɗaya ce: wuta ta kama ta mutu. Mutane sun saba ɗora wa sandar laifi ne don ita ta fi yawan zama sanadi, kuma ita ta fi sauƙin kaiwa hannu.

Uwar Yara:
Alhamdu lillahi, na goge ta da soso kamar yadda Baba ya ce. Wani farin abu ne ya lulluɓe ta, ba baƙi ba kamar yadda na zata. Murhu ya tashi yana ci har babbar fankar da ke hura ɗumi cikin gida ta kama. Allah ya saka da alheri.

Baban Gas:
Madalla. Amma Hajiya, farin nan da kika ambata yana da magana. Me ke kusa da murhun? Murhun da ke shan iskar ƙonawa daga cikin ɗakin da yake, duk abin da ke yawo a iskar yana bi ta cikin wutar. Ƙurar injin busar da kaya, turaren laushin tufafi, feshin gashi, yashin da ake zuba wa kyanwa, ƙurar gini, duk suna barin irin wannan farin rufi. Bilic da sauran masu kulorin kuma sun fi muni, domin ba sandar kaɗai ba, har ƙarfen cikin murhun suke ci.

Uwar Yara:
A ɗakin wanki yake, Baba, kuma a nan nake ajiye bilic da sabulai. Zan kwashe su yau.

Mai Haya:
Salamu alaikum, ku ba ni dama in shigo da tawa. Alamar iri ɗaya ce da ta Hajiya. Na goge sandar, bai yi ba. Na sayi sabuwa na sa, nan ma bai yi ba. Yanzu wani ya ce fanel ne ya mutu, in canza. Wani kuma ya ce in haɗa wayar sandar da jikin murhu kawai in huta, tunda ina gani da idona wutar tana kamawa.

Mai Kula da Zaure:
Malam Mai Haya, shawara ta biyun nan kada ka bi ta, kuma duk wanda ya kawo hanyar tsallake wannan sandar a zauren nan zan goge saƙonsa. Ita ce ke hana gas ci gaba da kwarara in wuta ta mutu. Gas ɗin da ya taru a cikin murhu in abin kunnawa ya same shi, fashewa yake yi.

Malamar Kimiyya:
Ƙari a kan haka, ba zai ma yi aiki ba. In ka haɗa wayar da jikin murhu, lantarkin zai wuce gaba da baya daidai wa daida, fanel kuma ba ya karɓar wannan a matsayin wuta. Da gangan aka ƙera shi haka, don kada haɗuwar waya da jikin murhu ko kunkunniya ta yaudare shi. Yawancinsu ma in suka ji alamar wuta alhali bawul na rufe, sai su ƙi tashi su nuna matsala.

Mai Waya:
Malam, kar ka sayi fanel tukuna. Fanel shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, bayan an wanke sauran. Tambayata: an taɓa wayoyin gidan kwanan nan? An canza makunni, ko soket, ko an ja sabon layi zuwa murhun? In aka juya laif da nutural, wato wayar da ke kawo wuta da wadda ke mayar da ita, fanka za ta juya, abin kunnawa zai yi ja, komai zai zama kamar lafiya, amma fanel da yawa ba za su gane wuta ba. Haka in wayar ƙasa ta saki, ko sukurun da ke riƙe ta a jikin murhu ya yi tsatsa. Ka sa mita ka auna: tsakanin laif da jikin murhu ya kamata ka ga cikakken ƙarfin layin, tsakanin nutural da jikin murhu kuma kusan sifiri. In ka ga akasin haka, an juya. In ba ka saba aiki da wuta a kunne ba, ka bar wa mai wayarin wannan.

Mai Haya:
Ba a taɓa waya ba. Na sa an auna kamar yadda ka ce, daidai suke.

Baban Gas:
To sai mu koma ga wutar kanta. Ka tsaya ka kalli yadda take kamawa, ido a kan bakin ƙarshe inda sandar take. Ya kamata wuta ta ratsa daga na farko zuwa na ƙarshe kusan lokaci guda, kuma ta lulluɓe sandar sosai. Tsakanin kowane baki da na kusa da shi akwai wata siririyar tsaga a fukafukansu, ta nan wuta ke tsallakawa. In tsatsa ko ƙura ko yanar gizo-gizo ta toshe ta, bakin ƙarshe yakan makara ko ya ƙi kamawa, fanel kuma ba ya jira. Sannan fuskar bakin da ke kallon sandar, in ta yi tsatsa, lantarkin ba ya samun wurin sauka ko da sandar sabuwa ce fil.

Ka kuma gwada sabuwar da tsohuwar gefe da gefe. Tsawo da lanƙwasa dole su zo ɗaya. Sanda mai kama da ita amma ta wani murhun tana iya zama a gefen wuta maimakon cikinta.

Mai Haya:
Baba, ka gano shi. Bakin ƙarshe yana makara, in ya kama ma wutarsa ƙarama ce tana rawa, ba kamar sauran ba. Zan iya ɗan ƙara gas ɗin daga bawul?

Baban Gas:
A'a, ɗana, nan ne iyakar aikin mai gida. Matsin gas ba a saita shi da ido, da manomita ake yi, wato na'urar auna matsi, a bi abin da ke rubuce a farantin murhun. A yawancin masu gas na bututu inci 3.5 ne a ma'aunin tsayin ruwa, masu gas na silinda ko tanki kuma wajen inci 10. In ka ƙara ba awo, za ka iya sa ƙarfen cikin ya yi zafin da ya wuce kima, ko wutar ta riƙa fitar da iskar guba ta kabon monoksaid. Ka kira ma'aikacin gas mai lasisi ya ciro bakunan ya wanke su, ya duba ƙananan ramukan da gas ke fitowa, ya auna matsi. Tunda haya kake, ka sanar da mai gidan a rubuce.

Saurin Hannu:
Ni dai har yanzu ina ganin ana tsorata mutane. Mafi yawan lokuta guga ce kawai, kamar na Hajiya. In kowa zai kira ma'aikaci kan abin da soso zai gyara, an wahalar da jama'a.

Baban Gas:
Ban musa maka ba, shi ya sa na koya wa Hajiya da kaina. Abin da nake ƙi shi ne a goge, ya ƙi, a sake gogewa, a yi ta kashe murhu ana kunnawa don a cire kullen. Kowane gwaji gas ne yake fita na 'yan daƙiƙoƙi. Kuma akwai alamomin da in an gan su ba maganar sanda ake ba. Wuta rawaya mai kasala, kunkunniya a jikin sandar ko bakunan, wuta da ke leƙowa baya wajen murfi, ko wutar da ke ci lafiya sai babbar fanka ta tashi ta fara karkata tana rawa. Wannan na ƙarshen yana iya nufin tukunyar da ke raba hayaƙi da iskar gida ta tsage. A kashe murhun a jira ma'aikaci. Kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, ciwon kai da jiri da tashin zuciya ne farkon alamarsa, kuma duk gidan da ke da murhun gas ya kamata ya kasance da na'urar ƙararrawarsa kusa da ɗakunan kwana.

A lura kuma da lokaci. Mutuwa cikin daƙiƙoƙi ita ke nuna hanyar gane wuta. In murhu ya ci na wasu mintoci sannan ya mutu, a fara duba matatar iska, domin in ta toshe zafi yakan taru har makunnin kariya ya yanke gas.

Ɗan Koyo:
Oga, yaya ake auna maikro-amfiyan nan? Ina so in daina canke.

Mai Waya:
Sai mitarka tana da wurin maikro-amfiya na lantarki mai gefe guda, ba kowace ke da shi ba, kuma irin mai maƙalawa a waya ba ta jin abu ƙanƙani haka sai ta hanyar wayoyinta. Ka kashe wuta, ka zare wayar daga sandar, ka haɗa tsinken mita ɗaya da wayar, ɗaya da kan sandar, ta yadda lantarkin zai bi ta cikin mitar. Ka yi amfani da 'yan maƙalai, kar ka riƙe da hannu, domin wayar tana ɗauke da ƙarfin da zai iya fizgarka. Sannan ka kunna ka karanta da zarar wuta ta kama. Ka auna kafin guga da bayanta, ka rubuta a jikin murfin tare da kwanan wata. In lambar ta tashi sosai bayan guga, datti ne. In ba ta motsa ba, ka nemi matsalar a ƙasa ko a baki ko a waya. In kuma lambar ta kai abin da littafin murhun ya ce amma fanel ya rufe gas, a nan ne za ka fara zargin fanel.

Ita sandar kanta, in ta fita, ka auna daga inda waya ke shiga zuwa tsininta, ya kamata lantarki ya wuce ba tsaiko. Daga sandar zuwa ƙarfen ɗaurinta kuma kada a sami hanya ko kaɗan. In an samu, tangaran ya tsage. Wani tsagin ba ya nunawa sai ya yi zafi, don haka ka duba shi da ido a wurin haske. Tsagewar tangaran, ko sanda ta cinye ta yi ramuka, su ne dalilan canza ta.

Mai Janareta:
Tambaya ɗaya kafin a tashi. Nawa lafiya lau yake da wutar layi, amma in aka ɗauke na sa janareta sai ya yi irin na Hajiya, ya kama ya mutu. Sandar ce ita ma?

Mai Waya:
Ba ita ba ce, Alhaji. Ƙananan janareta da yawa ba a haɗa nutural ɗinsu da jikinsu ba, fanel kuma yana dogara ne da wannan haɗin don ya ga lantarkin da ya dawo ta jikin murhu. Gyaran shi ne a haɗa nutural da ƙasa, amma a wuri ɗaya kaɗai a duk tsarin. Ko a janareta za a yi ko an riga an yi a babban akwatin wutar gidan, ya danganta da irin makunnin sauya layin da aka sa maka, don haka mai wayarin da ya ga gidan shi zai yanke. Janaretan kuma ya zauna a waje, nesa da taga da ƙofa da bututun da murhun ke shan iska.

Mai Janareta:
Makunnin sauya layi gare ni, ba soket nake sawa kai tsaye ba. Zan ɗauki hoton cikinsa in turo.

Mai Waya:
Kar ka buɗe shi da kanka. Hoton farantin da ke jikinsa da na janaretan ya isa, daga lambobin za a san ko yana yanke nutural ko ba ya yankewa.